Kafin wuƙa ta taɓa fuska, a san mai riƙe da ita

Ranar zubi ce, an buɗe akwati an gama ƙirga, sai wata ƴar ƙungiya a wata unguwa ta Maraɗi ta nemi rancen jika 150. Ɗiyarta mai shekara 19 ce muƙamuƙinta na ƙasa ya kumbura, wata takwas ke nan. Ba ya ciwo, amma kullum ƙaruwa yake yi, har haƙora biyu sun fara girgiɗi, ga kuma maganar aure ta taso. Wani mutum da ta gamu da shi a bakin asibiti ya turo mata hotuna ta WhatsApp, na kafin aiki da na bayan aiki, ya ce akwai babban likita a wata kilinik ƙetaren iyaka da zai cire abin rana ɗaya, amma sai an tura rabin kuɗi kafin Juma'a. Ta riga ta sayar da awaki biyu.

Shugabar ƙungiya, dattijuwa mai sanyin magana, ta ce: "Ƙanwata, yaya sunan lokotoron?"

"Wallahi Hajiya, ban tambaya ba. An dai ce ƙwararre ne."

"To in wani ya zo neman auren yarinyar nan, za ki ba shi ba ki san sunansa da gidansu ba?"

Aka yi shiru. Mun iya binciken aure, mun iya binciken mai neman rance, amma da an ce likita sai bakinmu ya mutu. Alhali aikin fuska da na muƙamuƙi, in ya ɓaci, ba a ɓoye shi da zane, kuma gyaransa ya fi aikin farko wuya da tsada.

Sunansa da takardunsa

Abu na farko, cikakken sunan wanda zai riƙe wuƙar da hannunsa. Sunan kilinik bai wadatar ba, domin wani lokaci mai suna ne ke ganinki a ofis, wani dabam ya shiga ɗakin tiyata. Farar riga kuwa a kasuwa ake sayar da ita.

A Nijar akwai hukumar rajistar likitoci, wadda ake kira Ordre des médecins, kuma likitan da aka yarda ya yi aiki yana da lambarsa a can. A Najeriya hukumar MDCN ke rajistar likitoci da likitocin haƙori, tana sabunta musu lasisi kowace shekara. Ki nemi suna da lamba a rubuce, ki kai wa wanda ya san harkar, kamar likitan babban asibitin jiharku, ya duba miki.

Kuma ba kowane likita ne likitan wannan aiki ba. Bayan karatun likita, mai tiyatar fuska da muƙamuƙi yana ƙara shekara huɗu ko biyar ko fiye yana koyon wannan fanni kaɗai. Da Faransanci ana ce da shi chirurgien maxillo-facial. Mai gyaran fata da siffar jiki shi ne chirurgien plasticien. Takardar horon sati biyu da aka rataye a bango ba ta maye gurbin waɗannan shekaru.

A fara sanin ciwon

Kumburin muƙamuƙi iri-iri ne. Wani ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya. Wani tsiro ne da ke cin ƙashi a hankali, ba daji ba ne, amma in aka kankare shi sama-sama yakan dawo. A wajen yara akwai wani ciwon daji mai saurin girma da ake kira Burkitt, wanda maganinsa allurai ne na musamman, ba yanka ba. Shi ya sa likitan kirki yake fara neman hoto, radiyo ko sikana, sau da yawa kuma ya ɗebi ɗan nama a kai gwaji kafin ya sa ranar aiki. Wanda ya kalli hoto a waya ya yanke kuɗi, bai san abin da zai tarar ba.

Tambayoyin da za ki yi masa

Kada ki tafi ke kaɗai. Ki ɗauki wadda ta iya rubutu, ku tambaye shi:

Irin wannan aiki sau nawa ya yi, kuma yaushe ya yi na ƙarshe?

Wa zai sa barci? Aikin baki da muƙamuƙi yana kan hanyar numfashi, don haka dole a sami ƙwararren mai sa barci da zai tsaya daga farko har a farka, da iskar oksijan, da janareto, da jini in an buƙata.

Me zai iya ɓacewa? Akwai jijiya cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa wadda in ta taɓu, leɓe da haɓa suna mutuwa na watanni, wani lokaci har abada. Ana iya ɗaure haƙora sati huɗu zuwa shida, sai kunu da romo. Fatarmu kuma tana saurin yin tabo mai tudu. Likitan da ya ce babu haɗari ko kaɗan, ki ɗauki jakarki.

In jini ya ɓalle ko zazzaɓi ya tashi cikin dare, wa za a kira, kuma wane asibiti za a kai ta?

Nawa ne duka? A rubuta a takarda: aiki, barci, gado, magani, wankin ciwo, da aiki na biyu in an buƙace shi. A biya a kes ɗin asibiti a karɓi rasit, kada a tura a lambar wani mutum.

Ki lura kuma da abin da shi yake tambaya. Likitan da ya damu da rai zai tambayi hawan jini, ciwon suga, sikila, ciki, da magungunan da ake sha. Ke ma ki faɗi gaskiya, har da man shafawa na ƙara haske, domin da yawansu suna sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa. In ya ɓata rai don kin yi tambaya, ko ya hana ki jin ta bakin wani likita, wannan ma amsa ce.

Tiyatar kwalliya

Yanzu wayoyinmu cike suke da tallar rage tumbi, ƙara mazaunai da gyaran hanci, a Legas, Tunisiya ko Turkiyya, da tikiti da otal a dunƙule. Wuƙa ɗaya ce, barci ɗaya ne, haɗari ɗaya ne. Aikin ɗebo kitse a zuba a mazaunai yana cikin mafi haɗari, domin in kitse ya shiga jijiyar jini yana iya toshe huhu nan take. Allurar ciko da ake yi a shagon gyaran jiki ko a ɗakin otal kuwa, kada ma a fara. Hotuna ana sato su, ana kuma gyara su, kuma mai talla kamasho take ci. Ki nemi ki yi magana da wadda aka yi wa aikin shekara guda da ta wuce, ki ga tabon da idonki. Sannan ki tambayi kanki: in ciwon ya ruɓe bayan kin dawo Tawa ko Damagaram, wa zai karɓe ki?

Inda ba sai an sayar da akuya ba

Wasu ayyukan fuska akwai wuraren da aka san su da su. Cutar noma, wato gyambon da ke fara daga dasashi ya cinye kumatu da leɓen yaro mai tamowa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da masu ita. A Sakkwato akwai asibitin noma tun 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa tun 2014, kuma aikin kyauta ne. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ana yi masa aiki a asibitin yara na CURE da ke Yamai, wanda aka buɗe a 2010. Hanya ita ce a fara da likitar unguwa, a karɓi takardar turawa. Duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce ya san gajerar hanya, nasa yake nema.

Yadda ta ƙare

Ƙungiyar ba ta hana rance ba, ta dai ce a dakata sati biyu. Aka kira mutumin aka nemi sunan likita da lambarsa. Ya ce zai turo, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Mata biyu suka raka uwa da ɗiya babban asibiti, aka yi hoto, aka tura su Yamai, aka ɗebi nama. Sakamako ya ɗauki makonni, uwar har ta fara cewa an ɓata mata lokaci. Ya fito ba daji ba ne, amma sai an cire wani yanki na ƙashi. Likitan ya zaunar da su ya zana musu a takarda inda zai yanka, ya kuma ce leɓen zai iya mutuwa.

An yi aikin, an ɗaga biki zuwa bayan kaka. Har yanzu gefen leɓenta bai gama dawowa ba, in tana shan fura sai ta sa hannu ta tare. Uwar tana biyan rancenta kowane sati. A littafin ƙungiyar kuwa an ƙara layi ɗaya: duk mai neman rancen tiyata ta zo da sunan likita, da lambarsa, da takardar kuɗi.