Fentin Da Ke Faɗin Ƙeƙashewarsa Da Kansa

Kowa ya san al'adar kafinta: in ya shafa wa teburi fenti, sai ya bar shi ya kwana, da safe ya ɗora yatsa ya ji ko ya bushe. To, a manyan masana'antu ba a wannan jira. Tun shekarun 1960 kamfanin Bayer na Jamus ya fito da wani shafi na katako wanda haske ke ƙeƙasar da shi, ba iska ba. Da an haska masa fitilar altarabayolet, watau hasken da ido ba ya gani, sai ƙwayoyinsa su sarƙe da juna, ya daskare cikin 'yan daƙiƙoƙi. Irinsa ake shafa wa bangon littattafai da kwalaye.

Amma akwai cikas. Sau da yawa sama takan ƙeƙashe, ciki kuwa ɗanye, musamman in fentin ya yi kauri ko fitila ta tsufa. Fenti mai ɗanyen ciki yakan ɓare, ragowar ruwansa kuma na iya jawo ƙaiƙayin fata. Yatsa ba ya gano wannan.

Dabarar da masana suka samo ta dogara ga wani tsohon ilmi. A 1852 Bature George Stokes ya bayyana yadda ruwan kwinin ke shan hasken nan na ɓoye, ya mayar da shuɗin haske. Haka wasu alamomin takardun kuɗi ke walƙiya a ƙarƙashin fitilar banki.

A farkon shekarun 1980 Rafik Loutfy, masani a cibiyar binciken Xerox ta Kanada, ya nuna cewa wasu rinai masu walƙiya suna ƙara haske in ruwan roba yana daskarewa. Ga dalili: muddin ruwa ne, ƙwayar rinin takan yi ta juyi, ƙarfinta ya tafi a zafi. Da wuri ya matse, ta rasa sararin motsi, sai ta amayo ƙarfin a matsayin haske.

Don haka akan zuba ɗan ƙanƙanin rini a fenti, a kafa na'urar auna haske. In walƙiya ba ta kai mizani ba, mai kula da inji ya san da saura: ya rage gudu ko ya sake fitila, tun kaya ba su bar masana'anta ba. Gani ya kori ji.