Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Ake Kafa Akwatin Kifi Mai Baƙin Ruwa A Gida

A kusa da birnin Manaus na ƙasar Birazil akwai wurin da manyan koguna biyu suke haɗuwa, su yi tafiyar wajen kilomita 6 kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun gauraya ba. Ɗaya shi ne Solimoyis, mai ruwa jawur irin na kogin Kwara a tsakiyar damina. Ɗayan kuwa shi ne Riyo Negiro, wato Baƙin Kogi, wanda ruwansa ya yi kama da shayin da aka dafa ba a zuba masa madara ba. Idan ka kamfato shi a kofin gilashi za ka ga garau yake, babu laka a cikinsa, launi ne kawai. Tun a shekarar 1853 Bature masanin halittu Alfred Russel Wallace, wanda ya yi tafiya a kan wannan kogi, ya kasa kogunan Amazon gida uku: masu farin ruwa, da masu ruwa garau, da masu baƙin ruwa. Ana kuma samun irin wannan ruwa a dazuzzukan fadama na Borniyo da Sumatara, da ƙasar Kwango, inda sunan tafkin Mai-Ndombe ma ke nufin baƙin ruwa.

Wannan ruwa ne masu kiwon kifin ado suke kwaikwayo a cikin akwatin gilashi, wanda ake kira akwariyom. Abu ne mai ƙawata ɗaki, yana kuma koya wa yara natsuwa da lura. Amma ya kai mai karatu, ka sani tun farko cewa rai za ka tsare a wurin da ba ya iya fita neman abinci ko sauya ruwa da kansa. Duk mun san labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan amana ba, gara ya bar kifi a inda ya gan shi.

Asalin launin da tsamin

Ganyaye da rassan da ke faɗawa cikin ruwan daji suna ruɓewa sannu a hankali, su saki wani sinadari da ake kira tanin, tare da wasu masu tsami. Tanin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne ƙarfin da ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita. Ƙasar yankin Riyo Negiro rairayi ce wadda ruwan sama ya wanke ma'adinanta tun da daɗewa, saboda haka babu abin da zai kashe wannan tsami. Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin da ake rubutawa pH: lamba 7 ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita mai tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa. Ruwan Riyo Negiro yakan tsaya tsakanin 4 da 5. A gida ba a bukatar kaiwa nan. Tsakanin 6 da 6.8 ya wadatar, ya kuma fi sauƙin riƙewa.

Akwati da mazauninsa

Mutane da yawa suna zaton ƙaramin akwati ya fi sauƙin kulawa. Ba haka abin yake ba, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin ɓaci. Akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40 yana cin lita 112, kuma shi ya dace da mai farawa. Kowace lita kilo guda ce, don haka in an haɗa da gilashi da rairayi nauyin zai kusan kilo 150. A nemi tebur mai ƙwari wanda bai karkata ba, a shimfiɗa katifar soso siririya ƙarƙashin gilashin. A nisantar da shi daga taga da hasken rana, da wurin guje-gujen yara. Lallai a yi masa murfi, saboda ƙurar hunturu, da kifin da ke tsalle, da kuma sauro da zai so yin ƙwai kafin a zuba kifi.

Ruwa shi ne tushen aikin

Ganye kaɗai ba ya mayar da kowane ruwa mai tsami. Idan ruwan rijiya ko na famfo yana da nauyin ma'adinai, irin wanda ke barin farin dasashi a cikin buta, to ko an cika shi da ganye launi kawai zai sauya, tsamin ba zai motsa ba. Sai a sayi kayan awon ruwa a wurin masu sayar da kifin ado a gwada. In ruwan mai nauyi ne, a gauraya shi da ruwan sama ko ruwan da aka tace da injin cire ma'adinai. Ruwan sama kuma ban da na farkon damina da ya wanko ƙurar rufi, ban da wanda ya bi ta kwano mai tsatsa. A adana shi cikin mazubi mai murfi. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kilorin mai ƙona matsatsar numfashin kifi. A ɗiga masa maganin kashe kilorin kafin a yi amfani da shi.

A shimfiɗa rairayin kogi mai laushi wanda aka wanke sosai, kaurin santimita 3 zuwa 5. Duk dutsen da za a sa, a fara ɗiga masa ruwan tsami mai ƙarfi; in ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, a ajiye shi gefe. Haka ma bawon kodi da wuri. Itace kuwa sai busasshe ƙwarai, mai tauri, wanda aka ɓare ɓawonsa aka dafa ko aka jiƙa har ya nutse. Itacen mopane da ake kawowa daga kudancin Afirka ya shahara a wannan aiki. Ƙoƙon kwakwa da aka kankare aka dafa yana zama ɗaki mai kyau ga kifi mai son ɓuya.

Ganyen da aka fi amfani da shi shi ne na Terminalia catappa, ɗan'uwan baushe, wanda masu jin Faransanci ke kira badamiye. A tsinci wanda ya bushe ya faɗo da kansa, nesa da titi da gonar da ake yi wa feshi, a ɗauraye, a zuba masa tafasasshen ruwa. A fara da ganye ɗaya ga kowace lita 40, a ƙara bayan mako guda idan ana son launin ya ƙara duhu. Busasshen ganyen gwaba da na ayaba su ma suna yi. Kada a yi gigin jefa bagaruwa ko ganyen dalbejiya, domin suna iya hallaka kifi. Kuma kada a tula ganye da yawa a lokaci ɗaya, saboda ruɓewarsu tana cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Matatar soso mai aiki da ɗan famfon iska ta wadatar, tun da kifayen nan ba su son igiyar ruwa mai ƙarfi. In matatar da aka saya ta zo da baƙin gawayi a ciki, a cire shi, don aikinsa shanye launin da muke nema.

Tsirran da ke jure duhu

Baƙin ruwa yana rage haske, don haka sai tsiron da ya saba da inuwa. Na gaba shi ne Anubias, ɗan asalin dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. An raɗa wa nau'in Anubias barteri sunan Charles Barter, mai tattara tsirran da ya rasu a Rabba, bakin Kwara, a 1859. Ƙaramin nau'insa mai suna nana kuwa daga Kamaru ya fito. Shi da tsiron Microsorum na Asiya da Bolbitis na Afirka ba a binne kututturensu, sai a ɗaure su da zare a jikin itace, in an binne su ruɓewa suke yi. Cryptocoryne ana dasa shi cikin rairayi. Yakan zubar da ganye bayan dashe, sa'an nan ya toho, kada a tumɓuke shi. A saman ruwa kuwa ga tamu kainuwa, dashen Allah, mai ba da inuwa, mai shanye dattin ruwa da saiwoyinta. Sai dai wadda aka ɗebo daga tafki a ware ta makonni a wani mazubi, a tsince dodon kodin da ke jikinta da safar hannu, saboda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya. Fitila ta sa'o'i 6 zuwa 8 a yini ta isa.

Haƙurin makonni shida

A nan ne mafi yawan masu farawa suke asarar kifinsu da kuɗinsu. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke juya ta zuwa nitirit, shi ma guba, wasu kuma su juya shi zuwa nitirat mai sauƙin illa, wanda tsirrai ke sha. Ƙwayoyin nan suna zama ne cikin soson matata, kuma suna bukatar makonni 4 zuwa 6 kafin su yawaita, har fiye a ruwa mai tsami. A kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan, a bar akwatin ba kifi har awo ya nuna babu amoniya babu nitirit. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Su wa za a zuba?

Sarkin wannan ruwa shi ne kadinal, Paracheirodon axelrodi, ɗan kifi da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai zane shuɗi da ja, wanda masana suka bayyana a 1956. Iyalai da yawa a garin Barselos na bakin Riyo Negiro da kamunsa suke ci. Kifin garke ne, shi kaɗai ko su biyu tsoro ke cinye shi. A akwatin lita 112 ana iya sa kadinal 12 zuwa 15, da Corydoras 6 masu kiwo a ƙasa, da mace da namiji na Apistogramma. Mai son kifin Afirka ya nemi mace da namiji na Pelvicachromis pulcher, na kudancin Najeriya da Kamaru, a madadin Apistogramma. Ban da tarwaɗa da karfasa da jan kifin nan na Sin: ko su haɗiye ƙananan, ko su tumɓuke shuka, ko su cika ruwa da datti.

A zuba su rukuni-rukuni, da tazarar mako biyu. A ɗora ledar da aka kawo su ciki a kan ruwan minti 20, sa'an nan a riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan kafin a kwashe kifin da ɗan raga. Abinci kuwa gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu.

Abin da yanayinmu ke bukata

Kifayen nan suna son zafin digiri 24 zuwa 28. A bazara, lokacin da zafi ke haura 40 a Yamai da Damagaram da Marwa, a ɗaga murfi a sa raga, a juya fanka tana kaɗa saman ruwan, ya yi sanyi kamar yadda randa ke yi. Abin da ya ƙafe a cike shi da ruwan sama, domin ma'adinai ba su tashi tare da tururi. Daren hunturu kuma yana bukatar na'urar ɗumama ruwa. Saboda ɗaukewar wutar lantarki, a tanadi famfon iska mai batir tun kafin a sayi kifi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a dakatar da ciyarwa har wuta ta dawo. Maganin sauro na feshi yana kashe kifi nan take: a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin, sai ɗaki ya sha iska a buɗe. Kada hannu mai sabulu ko man shafawa ya shiga ruwan, kuma a zare waya daga bango kafin a tsoma shi.

Kowane mako a sauya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan da irinsa. Kada a kwarara ruwa mai nauyi da yawa a lokaci ɗaya, domin idan tsami ya karye farat ɗaya, amoniyar da ta lafa sai ta koma guba mai kisa. Soson matata a matse shi cikin tsohon ruwan akwati. Kifi ko tsiron da aka gaji da shi a bai wa wani, kada a zuba shi a kogi ko tafki.

Maigida ya raba wa yara aikin, wannan ciyarwa, wancan duba ma'aunin zafi, amma shi ne mai bin sawu kullum. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, amin.