Su Wane Ne Ke Tafiyar da Makarantun Firamare a Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa?

A wasu ƙasashe, irin su Amurka, jama'ar gari ne ke kaɗa ƙuri'a su zaɓi hukumar da za ta kula da makarantun gwamnati. A nan gida tsarinmu ya sha bamban, amma al'umma tana da nata gurbin, kuma wajibi ne mu san shi domin mu yi amfani da shi.

Tushen tsarin shi ne shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda ya samu dokarsa a 2004. Dokar ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta: 6 na firamare, 3 na ƙaramar sakandare. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi ta hannun hukumar UBEC. Sai dai jiha ba ta karɓar kuɗin ayyukan gine-gine sai ta ajiye nata kaso daidai da wanda za a ba ta.

A Jigawa, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, da ke Dutse ita ce ke kan gaba. A ƙarƙashinta kowace daga cikin ƙananan hukumomi 27 tana da ofishin ilimi wanda Sakataren Ilimi ke shugabanta. Naɗa shi ake yi, ba zaɓe ba. Ofishinsa ne ke lura da zuwan malamai aiki, da tura masu duba makarantu, da isar da buƙatun yankin zuwa Dutse.

Mataki mafi kusa da mu shi ne Kwamitin Gudanar da Makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. A cikinsa akwai wakilin sarauta, da malamin addini, da shugaban makaranta, da wakilan malamai, iyaye, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, har da su kansu yaran. Jama'a ne ke fitar da wakilansu, kuma aikin sa-kai ne, babu albashi. Jigawa na cikin jihohi 6 da shirin ESSPIN na Birtaniya, wanda ya fara a 2008, ya taimaka wa wajen horar da waɗannan kwamitoci.

Kwamitin ba shi da ikon ɗaukar malami ko korarsa. Amma yana da ikon tsara buƙatun makaranta, da bin sawun kuɗin da aka kashe, da kai rahoton malamin da ba ya zuwa. Idan iskar farkon damina ta yaye rufin aji, ko aka janye yara zuwa gona, ko aka bar yarinya a talla, kwamitin ne ya kamata ya fara motsawa, tare da mai unguwa da dagaci. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta wa Sakataren Ilimi, ya ajiye kwafi.

Saboda haka muna kira ga hakimai, dagatai da kansiloli na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu da su tabbatar ana fitar da wakilai a bainar jama'a, ba a zaure ɗaya ba, kuma a ba mata damar yin magana. Iyaye kuma su tambayi shugaban makaranta sunayen 'yan kwamiti da ranar zamansu na gaba, su halarta.