Gidan Abinci A Tafin Hannu: Shawara Ga Sabon Shiga

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ya san cewa a Kwanar Dangora ake rabuwa da titin Zariya, a nausa ta Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a bi ta ƙasar Doguwa kafin a faɗa Saminaka. Ya kuma san cewa matafiyi ba ya kwana da yunwa a wannan hanya, domin ga mai shayi, ga mai tsire, ga mai waina, ga mai shinkafa da wake. Ciyar da baƙo tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Abin da yake sabo shi ne yadda 'ya'yan masu sana'ar, da ma waɗanda ba su taɓa riƙe ludayi ba, suka buɗe nasu gidajen abincin a cikin waya, suna soya da dafawa da karɓar kuɗi da ɗan yatsa.

Iyaye da dama suna kallon wannan a matsayin shiririta, kuma ba su rasa hujja ba. Sai dai tunda wayar ta riga ta shiga hannun yara da matasa, hani kaɗai ba zai wadatar ba. Ra'ayina shi ne, a cikin wasannin waya, na tafiyar da gidan abinci yana cikin masu ɗan amfani, muddin mai wasan ya shige shi da tunanin mai sana'a, ya kuma san inda tarkonsa yake. Wannan rubutu na sabon shiga ne, da kuma uwa ko uban da ke son sanin abin da yaronsa yake dannawa.

Asalin wasan

Wasan da ya fito da wannan salo fili shi ne Diner Dash, wanda aka fitar a Amurka a shekarar 2004. Labarinsa na wata budurwa ne mai suna Flo, wadda ta gaji da aikin ofis ta buɗe gidan abinci. Mai wasa shi ke juya ta: ta zaunar da baƙi, ta karɓi oda, ta kai abinci, ta karɓi kuɗi, ta kwashe kwanuka. Shekara goma bayan haka, a 2014, kamfanin Nordcurrent na ƙasar Lituweniya ya fitar da Cooking Fever, wanda aka sauke fiye da sau miliyan 100 a wayoyin Android. A shi kuwa kai ne a bakin murhu, masu saye suna tsaye a gaban kanta, kowa da abin da yake so. Akwai kuma Good Pizza, Great Pizza na kamfanin TapBlaze, wanda ya fi sauran kula da lissafin riba da faɗuwa. Sunayen suna da yawa, amma ginshiƙinsu ɗaya: mutane sun fi hannuwanka yawa, haƙurinsu yana da iyaka, kuɗinka kuma ba su isa ka sayi komai a lokaci guda ba.

Karanta fuskar mai saye

Kuskuren farko na sabon shiga shi ne ya ɗauka wasan na saurin yatsa ne. Saurin yana da rana, amma tsari ya fi shi. Kowane mai saye yana zuwa da ma'aunin haƙuri a kusa da shi. A Diner Dash zukata ne ke raguwa ɗaya bayan ɗaya, a Cooking Fever kuwa wani ɗan layi ne ke sauka. Idan ma'aunin ya ƙare, mutum ya tafi da kuɗinsa. Saboda haka wanda ya fara zuwa ba lallai ne shi za ka fara sallama ba. Duba wanda ya kusa fusata, ka duba kuma wanda odarsa ba ta da wuya. Mai son lemo kaɗai, miƙa masa ya ba da wuri. Mai oda uku, fara ba shi abin da ya riga ya nuna kafin sauran su sauka.

Masu sayen ma ba halinsu ɗaya ba. A Diner Dash, matan ofis ba su da haƙuri amma suna da sakin hannu wajen tukuici, tsofaffi kuwa sukan jira ba tare da ƙorafi ba. Duk mai abincin da ke bakin tasha ta san wannan karatu ba tare da waya ba. Direban da motarsa ta cika, fasinja suna masa tsawa, ba a haɗa shi da dattijon da ya zo cin tuwo ya kuma taɓa hira.

Shirya kafin a buɗe ƙofa

A farkon kowane mataki akwai 'yan daƙiƙu kafin mutum na farko ya iso. Kada ka tsaya kallo. Ɗora nama a wuta, jera burodi a faranti, cika kofunan lemo. Mai waina ba ta jiran mai saye ya tsaya kafin ta zuba ƙullu a tanda. Amma a nan ma akwai iyaka, domin abin da ka ɗora ka manta zai ƙone, sai ka zubar, ka yi asarar lokaci da gurbin kasko. Idan hannunka bai saba ba, kasko biyu da kake iya lura da su sun fi huɗu da za su yi maka gawayi.

Sai kuma haɗa aiki iri ɗaya. Diner Dash yana ƙara maki ga wanda ya jera aiki guda sau da yawa, kamar ya karɓi odar tebur uku a jere kafin ya koma kai abinci. Flo hannu biyu gare ta, don haka tafiya da faranti ɗaya asarar sawu ce. Ko a wasan da ba ya ba da lada kan haka, dabarar tana rage kai-komo da ruɗewa.

Akwai wata dabara a Cooking Fever da sababbi ba su cika lura da ita ba. Idan mai saye ya biya ya tafi, sulallansa suna zama a kan kanta, kuma wani ba ya tsayawa a gurbin sai ka kwashe su. Idan aiki ya yi maka yawa, bar kuɗin gurbi ɗaya a wurin na ɗan lokaci, ka sallami sauran, ka sake cika kaskonka, sannan ka kwashe. Ka rage wa kanka cunkoso ke nan ba tare da ka kori kowa ba.

Inda za ka zuba riba

A nan ne wasan yake zama makaranta. Bayan kowane mataki za ka sami sulalla, wasan kuma zai baje maka kayan saye: ƙarin kasko, injin lemo mai sauri, nama mai daraja, tebura, talabijin, furanni. Ido zai so na ado. Ka daure. Fara da abin da kusan kowane mai saye yake nema, domin shi ne ke dawo da kuɗi da wuri. Inganta kayan haɗi yana ƙara farashin kowane faranti, inganta kayan girki yana ƙara sauri da yawan abin da kake fitarwa. Kayan ado ma suna da aiki, tunda suna ƙara wa mutane haƙuri da tukuici, sai dai bayan kicin ya tsaya da ƙafarsa ake waiwayarsu.

Kafin ka sayi komai, tambayi kanka inda layi yake tsayawa. Idan kullum nama kake jira, kasko za ka ƙara. Idan naman yana nan amma babu inda za ka ajiye shi, wurin ɗumama abinci kake buƙata. Sayen abin da ba shi ne ke tsayar da kai ba kamar mai shayi ne ya sayo sabon benci alhali butarsa ɗaya ce.

Kada kuma ka yi gaggawar buɗe sabon gidan abinci. A Cooking Fever kowane gida yana da matakai 40, kowane mataki kuma ana cin sa da tauraro ɗaya zuwa uku. Idan mataki ya gagare ka, koma na baya ka maimaita, ka tara kuɗi, ka inganta kicin, sannan ka dawo. Wanda ya watsa ɗan abin da ya tara a gidaje uku zai tarar babu ko ɗaya da ya ƙarasa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Tarkon lu'ulu'u

Yawancin waɗannan wasanni kyauta ake sauke su, amma kamfanonin da suka yi su ba sadaka suke yi ba. Kuɗi iri biyu suke sakawa a ciki: sulalla da ake samu cikin sauƙi, da lu'ulu'u da ake samu da ƙyar. Manyan kayan aiki da sababbin gidaje sai da lu'ulu'u. Da gangan ake ƙuntata shi, domin idan ka ƙosa ka ciro katin banki ka saya da kuɗin gaske. Wani lokaci za a nuna maka injin da ke girki da kansa, a ce tayin na ɗan lokaci ne, agogo yana ƙirgawa a gabanka. Wannan tsohuwar dabarar 'yan kasuwa ce ta hana mai saye yin tunani.

Shawarata ga sabon shiga ita ce kada ya sa ko kwabo. Wasan yana ba da lu'ulu'u kaɗan-kaɗan ga mai leƙowa kullum da mai hawa matsayi. Tara su, ka kashe su kan kayan da za su zauna, kada ka ɓatar da su wajen gaggauta abin da jira zai kawo. Iyaye kuma su tabbata ba a bar katin banki a maƙale da wayar da yaro yake wasa da ita ba, su sa kalmar sirri a kan duk wani saye. Ko tallan da ake cewa ka kalla a ba ka lada, da datarka kake biya, ga shi kuwa tun watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A cikin Cooking Fever akwai ɗakin caca, inda ake zuba sulalla a juya inji da fatan samun lu'ulu'u. Gaskiya ne kuɗin wasa ne, amma ɗabi'ar da yake koyarwa ta gaske ce, kuma mun ga yadda cacar ƙwallo ta waya ta cinye jarin matasa da yawa. Ana iya cin wasan ba tare da an taka wannan ɗaki ba, kuma hakan ya fi dacewa da tarbiyyarmu.

Lokaci ma jari ne. Kowane mataki 'yan mintuna ne, shi ya sa "bari in ƙara ɗaya" take kai mutum tsakar dare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da take ganewa. Ka yanke wa kanka adadin matakan da za ka buga kafin ka fara, kada wasa ya ci sallah, ko karatu, ko aiken gida.

Abin da wayar ba ta faɗa

Wanda ya ci taurari uku a kowane mataki kada ya ɗauka ya iya sana'a. A yawancin wasannin nan kayan miya ba sa ƙarewa, farashinsu ba ya motsi, itace ba ya jiƙewa, kowa kuma yana biya nan take. Good Pizza, Great Pizza ya ɗan matso kusa da gaskiya, domin a ƙarshen kowace rana yana cire maka kuɗin haya da na kayan haɗi da abin da ka mayar wa waɗanda ba su gamsu ba, ka ga abin da ya rage. Wanda ke son koyon lissafi, da shi ya kamata ya fara.

Duk da haka, babu wasan da ya san abin da mai abinci a Tudun Wada ta sani. Garin ya yi suna wajen shinkafa da gyaranta, amma kwanon da ta saya da kaka ba shi ne farashinsa ba idan damina ta yi nisa. Tumatirin da ruwan madatsar Tiga yake shayarwa a Kadawa yakan yi araha da rani har a rasa mai ɗauka a Kwanar Gafan, ya zo ya yi tsada da damina, ballantana shekara irin 2016 da tsutsa ta cinye gonaki. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ga abinci ga masu saye amma babu takardar naira a hannu. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun shekarar, kuɗin dakon buhu ya tashi. Sannan ga bashi: ɗan unguwa da zai ci ya ce sai ranar kasuwa, wanda hana shi rashin mutunci ne, ba shi kuma karyewar jari. Ga abincin da ya kwana. Waɗannan su ne matakan da ba a maimaitawa idan an faɗi.

Don haka matashin da wasan ya burge shi, ya ɗauki abu uku da ya koya, wato tsara aiki, karanta mai saye, da zuba riba inda take haihuwa, ya kai su rumfar mahaifiyarsa ko ta yayarsa. Ya karɓi littafi ya riƙa rubuta mata abin da aka kashe da abin da aka samu da abin da ke hannun mutane, na mako guda kawai. Zai ga lissafin da ya fi na waya wuya, ya kuma fi shi amfani.

Kira na ƙarshe ga matasanmu masu ilimin kwamfuta a Kano da Zariya. Yaranmu suna gasa burodi da naman Turawa a waya, abincin da da yawansu ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Me zai hana a gina wasan da za a tuƙa tuwo, a kaɗa miyar kuka, a juya waina, a yanka gurasa, motar Jos ta tsaya fasinja goma sha takwas su sauko a lokaci guda, farashin shinkafa ya hau ya sauka da yanayin shekara, a kuma sa littafin bashi a gefen kanta? Kayan haɗin duk suna nan a gida, mai ɗora tukunyar ake jira.