Takalmin da ke barin ƙafa ta ji ƙasa: Yadda za ku zaɓa ba tare da kun jawo wa kanku ciwo ba

A yammacin ranar 10 ga Satumban 1960, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya shiga tseren gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum na ƙasar Italiya ba takalmi a ƙafarsa. Takalmin da ya samu bai zauna masa daidai ba, sai ya ajiye shi ya fita haka nan. Ya cinye kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zo na ɗaya, ya kuma zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinare a Olamfik.

Yau ga shi a Turai da Amurka akwai mutane masu yawa da suka ɗauki tafiya ba takalmi a matsayin abin sha'awa. Da yake ba ko'ina ake iya taka ƙasa haka ba, sai kamfanoni suka ƙera musu wani irin takalmi marar nauyi, mai siririn ƙasa, wanda ke barin ƙafa ta ji abin da take takawa. Wataƙila kun ci karo da tallarsa a TikTok ko YouTube. Kafin wani cikinku ya matsa wa iyayensa a saya masa, ko ya jefar da kambas ɗinsa ana gobe gasar tsere ta makaranta, ga abin da muka ga ya kamata ku sani.

Daga ina abin ya taso?

Takalmin gudu mai kaurin soso a dunduniya bai daɗe a duniya ba. A shekarun 1970 ya bazu. Kafin nan, masu gudu ko dai ba takalmi suke yi, ko da fallen takalmi marar tudu.

A 2009 wani ɗan jaridar Amurka, Christopher McDougall, ya fitar da littafi mai suna Born to Run. Littafin ya ba da labarin ƙabilar Rarámuri, waɗanda ake kuma kira Tarahumara, mazauna duwatsun arewacin Meziko, masu gudun dogon zango da takalmin da suke yankawa daga tsohuwar tayar mota, su ɗaure da tsirkiyar fata. Littafin ya yi kasuwa, kuma shi ya ƙara wa wannan sha'awa wuta. Ba tatsuniya ba ce: a 2017 wata 'yar ƙabilar mai shekara 22, María Lorena Ramírez, ta lashe tseren kilomita 50 a jihar Puebla ta Meziko sanye da siket da irin wannan takalmi.

Shekara guda bayan fitowar littafin, a 2010, Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar kimiyya ta Nature. Sun auna gudun mutane a Amurka da Kenya, har da 'yan makaranta sa'o'inku da suka tashi ba su saba da takalmi ba. Sun gano cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban tafin ƙafa, masu takalmin soso kuwa sun fi dira da dunduniya. Sauka da gaban ƙafa na rage ƙarfin dukan farko da jiki ke sha idan ƙafa ta haɗu da ƙasa.

Me ake nufi da "jin ƙasa"?

Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi sama da 100. A fatar tafin ƙafa kuma akwai dubban ƙananan jijiyoyin ji da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo a kowane taku: nan yashi ne, nan tsakuwa ce, nan da santsi, nan da gangara. Da wannan saƙo jiki ke gyara tsayuwarsa tun kafin mutum ya ankara. Takalmi mai kaurin soso yana dushe saƙon, kamar mai ƙoƙarin tsintar allura da safar hannu.

Wani abin mamaki shi ne kanta ba ta yin haka. A 2019 ƙungiyar Lieberman ta sake wallafa bincike a Nature, inda ta nuna cewa kaurin fatar da ke fitowa a tafin ƙafar masu yawo ba takalmi yana ba da kariya, amma ba ya rage jin ƙasa. Ashe ƙafar da wasu ke yi wa dariya a ɗakin kwanan ɗalibai ba ta rasa komai ba.

Ku yi hattara da daɗin bakin talla

Kamfanin Vibram na Italiya ya yi suna da takalminsa FiveFingers, mai gidan kowane yatsa daban kamar safar hannu. An tallata shi da cewa yana ƙarfafa tsokar ƙafa, yana kuma rage jin rauni. Wasu masu saye a Amurka suka kai ƙara cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya a kan haka. A 2014 kamfanin ya amince ya ware Dala miliyan 3.75 don mayar wa mutane wani ɓangare na kuɗinsu, ya kuma daina waɗannan alkawura, ko da yake bai amsa laifi ba.

Binciken masana ya nuna amfani, ya kuma nuna haɗari. A 2021 masu bincike a Jami'ar Liverpool ta Ingila sun ba wasu manya siririn takalmi su riƙa harkokinsu na yau da kullum da shi tsawon wata 6, ban da gudu. Ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. Amma a 2013, a Jami'ar Brigham Young ta Amurka, an sa wasu 'yan gudu su koma FiveFingers cikin mako 10. Da aka ɗauki hoton ƙafafunsu, fiye da rabinsu sun nuna alamar rauni a cikin ƙashi, wasu ma ƙashin ya tsage.

Ko batun sauka da gaban ƙafa ba doka ba ce. Wani bincike na 2013 a kan ƙabilar Daasanach ta arewacin Kenya, waɗanda su ma ba takalmi suka tashi, ya samu akasarinsu da dunduniya suke sauka idan ba gudu mai tsanani suke yi ba. Shi kansa Bikila, da ya sake cin zinare a Tokiyo a 1964, da takalmi ya yi gudun, kuma ya fi na Rum sauri da kusan minti 3. Atisaye ne ya ba shi nasara sau biyu, ba rashin takalmi ko samunsa ba.

Gwaji shida kafin ku biya kuɗi

A 2015 masana 42 daga ƙasashe 11 sun amince da ma'aunin gane irin wannan takalmi: nauyinsa, laushinsa, kaurin ƙasansa, bambancin tudun dunduniya da na gaba, da kuma rashin abubuwan da ke tilasta wa ƙafa wani zama. Mun mayar muku da ma'aunin gwajin da za ku iya yi da hannunku a gaban mai kaya, mun kuma ƙara da batun faɗi da ɗauri.

Na ɗaya, kauri. Ku sa babban yatsa a ciki, manuni a waje, ku matsa ƙasan takalmin. Takalmin gudu na yau da kullum yakan kai milimita 25 zuwa 35 a dunduniya. Siririn kuwa yawanci tsakanin milimita 3 ne da 10. Ku ajiye ƙaramar tsakuwa ku taka. Abin da ake so shi ne ku ji akwai ta, amma kada ta soke ku.

Na biyu, shimfiɗa. Ku ɗora takalmin a kan tebur ku duba ta gefe. A yawancin takalman gudu dunduniya ta fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12. Wanda kuke nema gaba da baya daidai suke, kamar kuna tsaye a kan tabarma.

Na uku, laushi. Ku naɗe shi daga gaba zuwa baya, sannan ku murɗa shi kamar mai matse wanki. Idan ya ƙi lanƙwasuwa, to ƙafarku ma ba za ta lanƙwasu a cikinsa ba.

Na huɗu, faɗin gaba. Tun a gida ku tsaya a kan kwali, wani ya zagaye muku ƙafa da biro, ku yanke ku tafi da shi kasuwa. Idan kwalin bai shiga ya kwanta ba tare da ya naɗe a gefe ba, takalmin zai matse muku yatsu. A bar sararin kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. Ku da kuke kan girma, wannan ya fi shafarku. Ku gwada ƙafa biyu, domin sau da yawa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma da yamma ya fi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Na biyar, ɗauri. A nan silifas ya faɗi jarrabawa. Siriri ne, ba shi da nauyi, amma ba abin da ya riƙe shi a dunduniya, don haka yatsu ne ke ƙanƙame shi a kowane taku. Ku nemi mai igiya, ko mai maɗauri da ya zagayo bayan ƙafa.

Na shida, nauyi. Ku riƙe shi a hannu ɗaya, kambas ɗinku a ɗaya hannun. Idan sabon ya fi nauyi, ku mayar.

Za ku lura cewa babu sunan kamfani a cikin gwajin nan. Sandal ɗin makaranta marar tudu, farin kambas mai fallen ƙasa, takalmin fata na dukawa, har da takalmin taya irin wanda makiyaya ke keta daji da shi, duk suna iya cin yawancin gwajin. Baduku ko shumeka zai iya yanka muku daidai da zanen ƙafarku, ya sa maɗauri a baya, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na ƙasar waje ba. Idan gwanjo za ku saya, ku kifa shi ku duba ƙasan. Wanda gefe ɗaya ya cinye zai karkatar muku da taku.

Ƙasarmu ba dandalin Turai ba ce

Mai tallar da kuke gani a waya a kan ciyawa mai laushi yake tafiya. Mu kuwa muna da ƙaya da tsidau da ƙarangiya, ga ƙusa da fasasshiyar kwalba, ga kwalta da yashi masu ƙuna a watannin Maris da Afrilu. Gwargwadon sirantar ƙasan takalmi, gwargwadon jin ƙasa, gwargwadon kuma raguwar kariya. Don haka shawararmu ga mai dogon zuwa makaranta a ƙasa ita ce ya zaɓi mai ɗan kauri a cikin siraran, wajen milimita 8 zuwa 10, na roba mai tauri.

Cire takalmi ɗungurungum kuwa sai an duba wuri. Tsutsar ciki mai ƙugiya ta fatar ƙafa take shiga jiki daga ƙasar da bahaya ya gurɓata, ta riƙa shan jini har ɗalibi ya rame ya kasa mayar da hankali a aji. Raunin ƙusa ko ƙaya na iya buɗe wa cutar tetanus ƙofa. A gona da damina kuma maciji ne abin tsoro, kuma galibi a ƙafa yake sara. Ba banza ba aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. A gona, dogon takalmin roba ya fi kowane siririn takalmi. Haka a ɗakin gwaje-gwaje da wurin koyon aikin hannu, sau-ciki mai rufe ƙafa ake bukata. Kada kuma ku kusanci makewayi ko bakin kwata ba takalmi.

Masu ciwon suga, masu sikila da ke fama da gyambon ƙafa, da duk wanda ya taɓa karaya ko yake da wata larura a ƙafa, kada su sauya takalmi sai da shawarar likita.

Sannu ba ta hana zuwa

Wanda ya tashi yana yawo da silifas ko ba takalmi a tsakar gida ya riga ya yi gaba a wannan hanya, amma tafiya daban, gudu daban. Idan dunduniya ta sauko ƙasa, aiki na ƙaruwa a kan agara da tsokar sha-raɓa da ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa. Tsoka takan saba da wuri, ƙashi kuwa yana bukatar watanni.

Ku fara da tafiya kawai, kamar rabin awa a rana, ku riƙa ƙarawa mako-mako. Bayan wata ɗaya ko biyu, ku gwada sassarfa ta 'yan mintuna a fili mai laushi da aka share, ku bar kwana guda tsakani. Ku rage faɗin taku, ku saurari ƙafarku: idan kuna jin tim-tim, dirar ta yi ƙarfi. A gida kuna iya ƙarfafa ƙafa da ɗaga dunduniya kuna tsaye, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da jawo tawul da yatsu.

Tsamin tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma zafi a wuri guda a bayan ƙafa, wanda ke ƙaruwa idan an danna ko an taka, musamman in da kumburi, alama ce ta a dakata. Ku sanar da malamin wasanni, ku je asibiti. Kuma kada ku taɓa gwada sabon takalmi, kowane iri ne, a ranar gasa.

Ga aikin da muka ba ku na wannan mako: ku zana ƙafarku a kwali, ku yanke, ku ɗora a kan ƙasan takalmin da kuke zuwa makaranta da shi. Idan yatsun zanen sun leƙo waje, ku nuna wa iyayenku kafin sayayyar sabon zango.