Itacen da Ya Dace da Ƙotar Bindiga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen Ƙofar Guga ranar Salla, ya ga 'yan bindigar Sarkin Katsina suna ta sakin wuta hayaƙi ya turnuƙe, lalle hankalinsa a kan ƙarar yake. Kaɗan ne ke duban itacen da ke riƙe da ƙarfen. Alhali kuwa maƙeri ya ƙera baki, amma lafiyar mai harbi tana hannun masassaƙi, domin in ƙota ta tsage sa'ad da albarushi ya tashi, fuska da yatsu ne ke biya.

To, wane itace ya dace? Ƙirya ta fi kowane ƙarfi, gara ba ta cinta, amma nauyinta ya yi yawa ga mai yini da bindiga a kafaɗa, ga ta da cin bakin gizago. Maƙera sun fi sonta don gawayi. Ɗinya kuwa ba nauyi, tana da daɗin sassaƙa, sai dai ba ta jimre duka. Maɗaci ja ne mai kyau, yana shan mai ya yi sheƙi. Amma kanya ita ce tsaka-tsaki, ga tauri, ga laushin fuska, tun da can kuwa da ita ake yin ƙotar bindiga a ƙasashen nan.

A nan ne mutane ke ruɗuwa. Itacen da ya fi zane, watau mai jijiya a murɗe ko mai gaɓa, shi ne ya fi saurin karyewa. Gwani yakan duba wuyan ƙota, inda hannu ke kamawa, ya tabbata jijiya ta bi tsawonsa sak. In akwai zane, a bar shi can gindi inda itacen ke da kauri. Haka maƙeran Ingila ke yi da nasu itacen, wolnat. Kuma kada a sassaƙa ɗanye, sai ya bushe sarai a inuwa, in ba haka ba hunturu ya tsaga shi.

Saura magana guda. Maɗobiya, wadda ta fi su duka kyau, 'yan kasuwa sun yi ta kwasarta zuwa ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka ƙayyade cinikinta. Muna roƙon malamai su koya wa yara sunayen itatuwan nan da amfaninsu, su kuma sa su dasa, domin maɗacin da za a sassaƙa nan da shekara hamsin, bana ya kamata ya shiga ƙasa.