SAUTUN KAYA DAGA KANO ZUWA RONI: INA GIZO KE SAƘA?

Duk wanda ya taɓa zama bakin kantunan Roni ranar da mota ta komo daga Kano ya san wannan rigima. Mai kanti ya aika da kuɗi kasuwar Singa ko Kantin Kwari, kaya sun iso, amma ba su cika ba, ko kuwa ba irinsu ya nema ba. Nan da nan sai a ɗora wa direba laifi. Mu kuwa a ganinmu, wanda ya tsaya kan direba bai ko kama hanyar magani ba.

Ma'aikatan kamfanin motoci na Toyota a ƙasar Japan suna da wata dabara. In aiki ya ɓaci, sai su yi ta tambaya, “Me ya sa?” har sau biyar, sai sun tono saiwar abin. Bari mu gwada ta.

A ce mai kanti ya yi sautun shinkafa buhu 10, aka sauke masa 8. Me ya sa? Direba ya ce 8 aka ɗora masa. Me ya sa? Mai sayarwa ya ce iyakar abin da kuɗin suka saya ke nan. Me ya sa? Farashi ya hau tun bayan sautun da ya wuce. Me ya sa mai kanti bai sani ba? A waya aka yi maganar, ya ce a aiko kamar kullum, ba wanda ya ambaci kuɗin buhu. To, me ya sa ba a rubuta ba? Domin mutanenmu suna ganin neman takarda wurin abokin ciniki rashin yarda ne. Nan gizo ke saƙa.

Da, farashi kan daɗe bai motsa ba, maganar baka takan isa. Amma a 2023 an yi ƙarancin takardun naira, kuma ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kaya suka bi shi. A irin wannan hali “kamar kullum” ba ta da ma'ana.

Rubutu kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ta yi a rubuta bashi. A zamanin En'e ma, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ko kwabo ba ya fita baitulmali sai da takarda da sa hannu.

Saboda haka muna ba da shawara kowane sautu ya tafi da abu huɗu a rubuce, ko a takarda ko a saƙon waya: sunan kaya da girmansu, domin akwai buhu mai kilo 50 akwai mai 25, farashin ranar, abin da za a yi in kuɗi sun kasa, da wanda zai ƙirga kayan gaban direba, wurin ɗorawa da wurin saukewa.

Akawuna da malaman makaranta, kusan kowannenku yana da ɗan'uwa mai kanti. Ku ja masa layi a littafi, ku nuna masa yadda ake cikawa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu dace, amin.